Bututun da Baba ya zaɓa

Bututun bindiga ɗaya Baba yake da shi, kuma ni na sa aka lalata shi. Gara in faɗi wannan tun farko, ba na son dogon zagaye.

Shekaruna goma sha bakwai a lokacin, ina lise, wato babbar sakandare. Muna zaune a unguwar Treichville, a wani gidan haya mai ɗakuna tara, bayan babban masallaci. Baba shadda da huluna yake sayarwa a kasuwa. Wanda ya gan shi a rumfa yana auna yadi ba zai ce ya taɓa riƙe abin da ya fi almakashi ba, amma ɗan gidan maharba ne daga wajen Konni. Kowace shekara in an gama haƙar doya, shi da abokansa uku sukan hau mota su yi arewa, gonar wani amininsu, su yi kwana biyar a daji. Suna da wata ƙa'ida a tsakaninsu. Dabbar farko da aka gani, mutum ɗaya ne zai harbe ta, sauran su sauke bindigoginsu su zuba ido. Harbin fari suke kiransa. Wanda ya fi hannu shi ke riƙe da shi, ran da kuma ya kuskure dabba tana tsaye, sai ya sakar wa wani. Tun kafin a haife ni harbin fari na Baba ne. Bai taɓa yin alfahari da kasuwancinsa ba, amma wannan kam ko baƙo ya zo sai ya san hanyar da ya bi ya saka shi cikin hira.

A shekarar, tsohuwar bindigarsa ta tsage daga gindi. Sai ya samu wani bututu a hannun kukun wani Bature da ya koma ƙasarsu. Ɗanye ne, an huda cikinsa an gama, amma wajensa ba a taɓa shi ba, kauri kamar taɓarya. Baba ya shafe shi da mai, ya naɗe a buhu, ya tura ƙarƙashin gado. Inna ta ce ko ita ba a taɓa yi mata irin wannan tarairayar ba.

A shekarar ne kuma hannunsa ya fara rawa. Ba sosai ba. In ya ɗauki kofin shayi sai ka ji yana ɗan buga faranti, sai ya sa ɗayan hannun ya tallafe. Duk gidan mun gani, ba wanda ya ce uffan.

Mutumin da zai haɗa bindigar yana Adjamé, can bayan tashar motoci, wani tsoho ɗan ƙabilar Bawule da ya yi aiki a garejin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Jula. Baba kuwa Jularsa kamar a Odienné aka haife shi, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa da farashi ba. Shi ya sa wata Asabar da safe ya leƙo ya ce, "Uwata, ɗauko mayafinki, za ki raka ni."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

"Baba, yau Asabar fa."

"Na san Asabar ce. Ni ma ina da kalanda."

Asabar tawa ce. Mu huɗu muke haɗuwa gidan wata ƙawata a Marcory. A gida bitar karatu muke cewa, amma kitso muke yi da kallon fim, mu sayi aloko, wato soyayyar ayaba, mu ci. Duk mako wannan ranar nake jira.

Mun hau bas, ni na rungume buhun kamar jariri, ya danne mini cinya har muka haye gada. A Adjamé muka sauka cikin hayaƙi da ihun masu gbaka, ƙananan motocin haya, muka ratsa layin masu tayoyi, muka shiga wani lungu mai warin baƙin mai. Rumfar tsohon ta kwano ce, da wani babban injin kankare ƙarfe a tsakiya. Ya duba takardun lasisin Baba tukuna, sannan ya warware buhun. Ya ɗaga bututun ya leƙa cikinsa ta wajen haske, ya daɗe yana leƙe, sai ya yi ɗan fito.

"Ki gaya wa tsohonki ya yi sa'a. Na yi shekaru ban ga irin wannan ba. Wace siffa yake so?"

Ya nuna bango, inda ya rataye wasu tsofaffin bututai. Akwai zagayayye siriri da ya tsuke zuwa baki kamar karas. Akwai matsakaici. Baba bai ko kalle su ba. Ya tsuguna, ya ɗauki alli, ya zana nasa a ƙasa. Dogo, ba za a rage tsawonsa ko yatsa ɗaya ba. Daga gindi zuwa taƙi ɗaya ya zama mai kusurwa takwas, daga nan ya zagaye, amma kada ya tsuke sai kaɗan, nauyin ya tafi gaba. Haka ta mahaifinsa take, in ji shi.

Na fassara. Baba ya ƙara bayani, na fassara. Ya koma kan zancen mahaifinsa da wani gwanki, na gutsure rabi na fassara. Tsohon yana ta gyaɗa kai. Su biyun sun tsuguna kan zanen kamar yara masu dara, ni ina tsaye ina kallon agogo.

"Wannan aikin hannu ne," in ji tsohon. "Kusurwa takwas da magagari ake fitar da ita, inji ba ya yi. Kuma nauyi ba a yin sa da ka. Zan rage kaɗan, ya zo ya ɗora a kafaɗa, in sake rage kaɗan. Kowace Asabar ya zo. Shida ko bakwai."

"Wancan siririn fa?" Wannan tambayar tawa ce, ba ta Baba ba.

"Wancan? Inji ne. Ina da ma'auninsa. Ba sai kowa ya zo ba."

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce Asabar bakwai za mu yi ta zuwa."

"Madalla. Mutumin ya san aikinsa."

A bas na yi ta tsaki a ciki. Asabar bakwai. Kusan wata biyu ke nan ina tsaye cikin baƙin mai ina juya zancen gwanki zuwa Faransanci.

Tsohon ya ce ba zai sa hannu ba sai an kawo icen da za a yi ƙota. Ran Laraba ba mu da darasi da rana, sai Baba ya ba ni icen ya ce in kai, shi ba zai bar rumfa ba. Ban fita gida da niyyar komai ba, ko kuma haka na daɗe ina gaya wa kaina. Amma ina miƙa icen, maganar ta fito a shirye kamar wadda na kwana ina haddacewa.

"Tonton," na ce masa, yadda muke kiran manya da Faransanci, "tsohona ya canza shawara. Siririn yake so, mara nauyi. A kuma rage tsawon."

Ya ajiye icen ya dube ni ta saman tabarau. "Shi ya faɗa?"

"Shi ya aiko ni."

"Mutumin da ya tsuguna ya yi wancan zanen?" Zanen yana nan a ƙasa, ya kewaye shi da bulo don kada a taka.

"Ba ka ga hannunsa ba ne? Rawa yake yi. Ba zai iya ɗaukar mai nauyi ba. Kunya ce ta hana shi faɗa a gabanka."

"Na ga hannunsa tun kafin ya zauna, 'yata. Shi ya sa na ce ya zaɓi daidai. Hannu mai rawa nauyi yake so. Nauyin ne ke kwantar da bakin bindiga. Mara nauyi, duk motsin da hannu ya yi sai ta bi shi, ga shuri kamar jaki. Ki koma ki gaya masa haka, in ya ji ya ce a yi, sai a yi."

Na ji shi sarai. Ba zan ce ban sani ba, ba zan ce yarinta ba ce. An yi mini bayani da harshen da na fi kowa iyawa a gidanmu. Abin da na ce shi ne, "Ya san duk wannan. Mahaifina ne, na fi ka saninsa. Ya ce kada a dame shi da zuwa, in an gama a aiko."

Ya dubi zanen. Sannan ya ce, "Abin da na cire ba na iya mayarwa. Kin gane?"

"Na gane."

Ya sa ƙafa ya ture bulo ɗaya.

A gida na ce wa Baba mutumin ya auna zanen, ya ce ya ishe shi, ba sai mun je ba. Baba ya dube ni. "Bai ce in ɗora a kafaɗa ba?"

"Ya ce ya ga kafaɗarka."

Ya yi dariya. "To. Kowa da gwanintarsa."

Asabar ɗin na je Marcory. Fim ɗin ma ban tuna shi ba. Na dai tuna an yi mini shuku, ya yi tsauri, na kwana biyu da ciwon kai.

Bayan mako uku aka aiko ta gama. Baba ya sa farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ni kuwa sai da muka hau gada na tuna cewa duk abin da za su ce wa juna ta bakina zai bi.

Bindigar ta yi kyau, wannan ba ƙarya. Icen ya sha mai yana sheƙi, ƙarfen baƙi wul. Irin mai karyewa a tsakiya ce, a sa harsashi ɗaya a rufe. Tsohon ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya shirya karɓar abu mai nauyi, sai hannunsa ya yi sama. Ya tsaya. Ya shafa gindin bututun da babban yatsa, yana neman kusurwa, babu. Ya bi shi har baki. Ya ɗora a kafaɗa ya auna wani ƙusa a bango, ni da nake gefe ina ganin bakin yana zagaya ƙusar kamar ƙuda.

Ya sauke. "Uwata, tambaye shi. Ba wannan na zana ba."

Na juya ga tsohon na ce da Faransanci, "Ya ce ta yi kyau. Yana tambaya ko aikin ya ba ka wahala."

"Wahala? Inji ya yi. Ki ce masa na bi saƙonsa, amma ni har yanzu na farkon na fi so."

Na juya ga Baba. "Ya ce da ya fara kankarewa sai ya tarar tsatsa ta ci wajen, ta yi ramuka. Dole ya yi ta cirewa har ya kai lafiyayyen ƙarfe. Bakin ma ya ɓaci, shi ya sa ya yanke."

"Tsatsa? Ni da na shafe shi da mai?"

"Ta ciki ce, Baba. Tun wajen Baturen."

Ban san ma ko ƙarfe yana yin haka ba. Baba ya dubi tsohon, tsohon ya dube shi, kowanne yana jiran ɗayan ya nuna wata alama. Da ɗayansu ya san kalma ashirin na harshen ɗan'uwansa, da na shiga uku a wurin. Sai Baba ya sauke ajiyar zuciya.

"Ai da ya aiko an gaya mini. Amma ba komai. Ce masa na gode da bai ɓoye mini aibin ba. Wani da sai ya shafe da baƙin fenti ya ba ni."

"Ya ce ya gode," na ce wa tsohon.

"Ki ce ya matse ta sosai a kafaɗa. Kuma kada ya daɗe yana auna, yana ɗagawa ya saki."

Wannan na fassara shi daidai, kalma da kalma, har na maimaita. Baba ya ce, "Yau kuma ni za a koya wa harbi," amma da murmushi ya faɗa. A hanya ya saya mini gasasshiyar masara. Na ci, don in na ƙi zai tambayi dalili.

Suka tafi bayan wata ɗaya. Ni na ɗaure masa kayansa. Kwana biyar ɗin nan na yi ta gaya wa kaina cewa mai hannu mai hannu ne, ko da sanda aka ba shi.

Ran da suka dawo da la'asar, babban amininsa ne ya rako shi har gida, wanda muke kira Kawu, mai sayar da agogo a bakin tashar jirgin ruwa. Ya kawo mana cinyar nama a buhu. Inna ta shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗaki, na kawo ruwa. Baba da hagu ya karɓi kofin.

"Wa ya harbo?" in ji Inna.

"Tambayi mijinki," in ji Kawu, yana dariya. "Hajiya, mazo ne, namiji, ya fito bakin rafi ya tsaya mana kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Taku talatin bai cika ba. Duk muka sauke. Malam ya ɗaga amaryarsa. Muna jira. Muna jira. Na ce ko sai ya gama karanta masa Yasin ne."

"Kai dai ba ka da kirki," in ji Baba.

"Da ya saki, reshen da ke sama da mazon ne ya faɗo. Mazo ya dube mu ya yi sallama. Amarya kuwa ta ba shi shuri sai da ya zauna."

"Na zauna ne don in huta."

"Ka huta, ai mun gani. Kafin ya karya ta ya sa wani harsashin, mazo ya kai Burkina."

Suka yi dariya su biyu, Inna ma ta yi. Sai Kawu ya rage murya. "Ni na ce masa bindigar ce. Wannan ba bindiga ba ce, karan sigari ce. Na ce a ba shi tawa gobe ya sake, ba wanda zai ƙirga wannan. Duk mun yarda. Ya ƙi."

"Ƙa'ida ƙa'ida ce," in ji Baba. "Da wani ne ya kuskure, da ni zan fara cewa ya sauka. Ba ruwan bindiga. Ta ina bindiga za ta san rawa? Hannu ne." Ya ɗaga hannun damansa ya riƙe a iska, a gaban Kawu, a gaban Inna, a gaban matan gidan da ke wanki a bakin famfo. Wannan ne karo na farko da ya bar kowa ya kalla. "Ga shi nan. Na daɗe ina yi wa kaina ƙarya. Harbin fari naka ne, ka riƙe da kyau."

Kawu bai sake yin wasa ba. Ya sha ruwansa ya tafi.

Bayan magariba Inna ta ba ni man zafi ta ce in shafa masa, ita tana kan tuwo. Kafaɗar ta yi baƙi, ta kumbura har wuya. Ina shafawa yana cije baki.

"Baba, bututun nan..."

"Kada ki zargi mutumin, Uwata. Na san halinki, yanzu sai ki je ki zazzaga masa rashin kunya da Faransanci. Abin da ya samu ya yi aiki da shi."

Ƙofa ce ya buɗe mini, ban shiga ba. Na ce, "To." Na ci gaba da shafa mai.

Na sha gaya wa kaina cewa ko da mai nauyin ce zai iya kuskurewa. Gaskiya ne, zai iya. Hannun ya ci gaba da lalacewa, bayan shekara uku ko allura ba ya iya zura wa zare. Amma shi ya san hannunsa, ya zauna ya yi tunani, ya zana abin da zai taimake shi ya ƙara shekara ɗaya ko biyu. Ni na hana shi gwadawa, kuma na bar shi ya ɗora wa jikinsa laifin.

Da shekara ta zagayo, Kawu ya zo da maganar tafiya. Baba ya ce kasuwa ta yi yawa. Ya ɗauko ragowar harsasansa ya ba shi. Kawu ya ce ya zo ko don hira, Baba ya ce mai kallo a daji nauyi ne. Bayan Kawu ya fita, sai ya zaɓi hula mai kyau cikin na sayarwa, ya naɗe a takarda ya ba ni.

"Kai wa maƙerin nan. Tun bara nake son in yi masa alheri. Ce masa bindiga tana nan lafiya, mai ita ne ya tsufa."

Na je. Tsohon ya gane ni tun daga bakin lungu. Ya karɓi hular ya gwada, ta yi masa yawa, ya yi dariya.

"Ya aka yi? Ta harba?"

Na gaya masa. Duka, tun daga ranar Laraba, har tsatsar da na ƙirƙira na sa a bakinsa. Da Faransanci abin bai yi mini wuya ba, kamar labarin wata nake bayarwa. Ya cire hular ya riƙe a hannu. Na ɗauka zai zage ni, har na shirya amsa, don ni ko ba ni da gaskiya ba na rasa amsa. Bai zage ni ba. Ya tambaye ni taku nawa ne tsakaninsa da mazon. Na ce talatin. Ya girgiza kai.

"Da wancan ne, da ya same shi," ya ce. Sannan ya ce, "Wataƙila."

Ya naɗe hular ya sa a aljihu. Ya ce in an samu wani ɗanyen bututu, ko ba kamar wancan ba, a kawo, zai yi mai kusurwa takwas ɗin, hannunsa kyauta. Amma Baba ya zo da kansa, ya kuma zo da wani mai fassara.

Da na koma Baba ya tambaye ni me ya ce. Don in isar da wannan saƙon, dole ne in fara da bayanin abin da ya sa ake neman wani mai fassara. Na tsaya a bakin rumfa, yana ninke shadda da hannu ɗaya da haɓa.

"Ya gode," na ce. "Ta ɗan yi masa yawa."

"Kash. Da na san kansa ƙarami ne," in ji Baba. Ya miƙo mini gefen shaddar in kama masa.